Gidajen abinci na mutuwa, meri na yanka tikiti

A bakin hanyar da nake bi zuwa lakkol kowace safiya akwai wani ɗan shago mai ƙofa biyu, da rumfar kwano a gabansa. Cikin shekaru 10 da na yi ina wucewa ta nan, na ƙidaya alluna 5 da aka kafa bisa ƙofarsa, kowane da sunansa na fatan alheri, kowane da zanen kaza ko kifi da farantin shinkafa mai tururi. Mai allo na farko wata dattijuwa ce da ta iya tuwon dawa da miyar kuka. Ta yi shekara 3, ta tashi. Wani saurayi da ya dawo daga cin rani ya gaje ta, ya sayi firigo da kujerun roba, bai cika shekara ba. Bayansa mata biyu suka yi tarayya, suka rabu. Haka wurin ya riƙa cin masu shi ɗaya bayan ɗaya, kuma duk wanda ya fita da bashi ya fita.

Mutanen unguwa suna da bayaninsu. Wasu su ce wurin ne ba shi da sa'a, wasu su ce hannu aka sa, masu tawakkali su ce rabo ne ya ƙare. Ban zo in yi musu da kowa kan rabo ba. Amma ruwa ba ya tsami banza, kuma abin da ya faru da shago guda sau 5, yake kuma faruwa a bakin kowace tasha da kowace kasuwa daga Yamai zuwa Damagaram, ya wuce a kira shi tsautsayi. Mai karatu ya tsaya ya tuna gidajen abincin da ya sani a garinsu shekaru 10 da suka wuce, sa'annan ya ƙidaya waɗanda har yanzu hayaƙi ke tashi a cikinsu. Ina jin yatsun hannu guda za su ishe shi. Abin da nake son in kafa hujja a kansa shi ne: a cikin wannan mutuwa akwai hannun ma'aikatar magajin gari, wadda kowa ke kira meri, domin ba ta san mai gidan abinci ba sai a ranaku biyu, ranar karɓar kuɗi da ranar rushe rumfa.

Kafin a ce na ɗauki ƙaramin abu na mayar da shi babba, bari mu tuna ko wace sana'a ce wannan. Sayar da dafaffen abinci ya girmi meri, ya girmi mulkin Nasara kansa. Da Bajamushen nan Heinrich Barth ya sauka Tasawa a watan Janairu na 1851, abin da ya ja hankalinsa a kasuwar garin shi ne yawan abincin da aka riga aka dafa ake sayarwa, har da gasasshiyar fara cikin ƙorai. Gari ba ya zama gari sai baƙo ya iya shigarsa ya ci ya ƙoshi ba tare da ya san kowa ba. Fatake sun dogara da wannan a da, kuma a yau jama'ar da ta dogara da shi ta ninka. Akwai ɗan kabu-kabu da ɗan dako, akwai direba da yaron mota, akwai mai jinya a bakin asibiti, akwai ma'aikacin da ba ya komawa gida da rana. Tun da aka buɗe jami'o'in Maraɗi da Damagaram da Tawa a 2010 an ƙara da dubban ɗalibai waɗanda iyayensu ke nesa. Duk waɗannan tukunyar wata ce ke riƙe da su.

Ita kuma tukunyar ba ita kaɗai take ci ba. Bayan kowace mai tuwo akwai mai itace ko mai gaz, da ɗan ga-ruwa, da mai injin niƙa, da mahauci, da mai kayan miya da ke jiran cinikinta tun da asuba, da manomin albasa a Galmi wanda bai taɓa ganinta ba. Akwai ƴan matan da ke wanke-wanke su koma gida da ɗan kuɗi da ɗan abinci, akwai almajiran da ke jiran ƙanzo. Ranar da aka rufe ƙofa, duk wannan jerin mutane ne suka yi asara, amma ba wanda zai ji labari a rediyo, domin ba masana'anta ba ce, ba a yanke kyalle ranar buɗe ta ba.

Gaskiya ne akwai masifun da suka fi ƙarfin kowace meri, kuma adalci ne a faɗe su. A watan Janairu na 1994 an karya darajar sefa da rabi, duk abin da ake shigowa da shi ya yi tsalle. A 2005 an ɗora harajin kashi 19 cikin 100 kan kayan masarufi har jama'a ta fito zanga-zanga, aka rufe kasuwanni, kuma a cikin shekarar nan yunwa ta gallabi jihar Maraɗi da maƙwabtanta. A watan Agusta na 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta, ba ta buɗe ba sai Disamba na 2020, tashoshin da ke cike da matafiya suka yi tsit. A ƙarshen Maris na 2020, saboda cutar korona, aka kafa dokar hana fita a Yamai daga ƙarfe 7 na yamma zuwa 6 na safe, wato daidai lokacin da mai shayi da mai gashi ke cinikinsu. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ƙungiyar CEDEAO ta sa takunkumi, Najeriya ta yanke kuran, nama da kifi suka riƙa lalacewa cikin firigo, farashin shinkafa ya hau, ba a ɗage takunkumin ba sai Fabrairu na 2024.

Wanda bai taɓa zama bayan tukunya ba zai ce: to, ta ƙara kuɗin faranti mana. A nan ne matsalar take. Mai kanti yana iya ƙara farashi yau ya rage gobe, kayansa ba sa ruɓewa. Mai abinci kuwa ta san aljihun masu cin abincinta kamar yadda ta san tafin hannunta. In ta ƙara dala 10 a kan malmala, rabinsu za su koma ga garin rogo da ƙuli-ƙuli. Sai ta bar farashi yadda yake, ta rage girman malmala, ta rage mai, ta yanka tsoka guda biyu. Masu ci su lura, su fara ƙorafi, su janye kaɗan kaɗan. Abin da ya kwana kuma ya zama asara, domin tuwon jiya ba ya sayuwa. Da haka riba ke komawa cin uwar kuɗi ba tare da ita kanta ta san ranar da aka tsallake iyaka ba. Sana'a ce mai siririn rai. Shi ya sa duk wani ɗan nauyi da hukumar gari ta ƙara mata, ko wani ɗan sauƙi da ta hana ta, yake iya zama bambanci tsakanin rayuwa da mutuwa. To, mu duba abin da ke hannun meri.

Na farko shi ne wuri. Yawancin masu abincinmu ba su mallaki inda suke zaune ba. Gefen hanya ne, ko bakin tasha, ko jikin bangon wata ma'aikata. Kullum mai tikiti yana zuwa, ya karɓa, ya yaga ƴar takarda ya miƙa. Shekara da shekaru ana haka. Sa'annan wata safiya sai ga jan fenti a jikin rumfa, ko ma ba fentin, sai ga katafila da ƴan sanda, a ce wurin haramtacce ne. Mutanen Yamai ba su manta da 2016 ba, lokacin da gwamnan birnin na wancan zamani, Hamidu Garba, ya jagoranci rushe kiyos-kiyos da rumfunan bakin manyan hanyoyi, ana shirin ƙawata gari kafin taron Tarayyar Afirka na Yuli 2019. Sauran garuruwa ma sun ga nasu gyaran fuska da bikin 18 ga Disamba ya zagayo kansu: Maraɗi Kwalliya a 2015, Tawa Sakola a 2017, Zinder Sabuwa a 2018. An shimfiɗa kwalta, an kafa fitilu, an gina dandali, kuma ba mai hankalin da zai ƙi jinin wannan. Tambayata ita ce: a cikin duk zane-zanen da injiniyoyi suka yi, ina aka ware wa mai tuwo? An yi tuya an manta da albasa.

Ba ina cewa a bar kowa ya kafa murhu a tsakiyar hanya ba. Hanya ta jama'a ce, magudanar ruwa ma haka, kuma ambaliyar 2020 a Yamai da ta 2024 a Maraɗi da Damagaram sun koya mana abin da toshe hanyar ruwa ke jawowa. Abin da nake ƙi shi ne baki biyu. In wurin haram ne, kuɗin me aka yi shekaru ana karɓa? In halal ne, don me aka rushe ba sanarwa, ba madadi? Hukumar da ke cin kuɗin wuri da hannun dama ta rushe shi da hagu ta koya wa talaka darasi guda, cewa kada ya kuskura ya gyara inda yake zaune. Wa zai zuba siminti a ƙasa, ya ja pampo, ya gina makewayi, ya sayi teburi mai kyau, alhali bai san ko zai kai watan gobe a wurin ba? Sai kowa ya tsaya a kan buhu da langa-langa, abin da zai iya kwashewa cikin sa'a guda. Daga nan kuma jami'an tsabta su zo su ce wurin ƙazami ne, su ci tara. Rashin tabbas ya haifi ƙazanta, ƙazanta ta zama hujjar kora, kora ta ƙara rashin tabbas. Wannan zagaye meri ce ke juya shi, kuma ita ce ke iya tsayar da shi.

Na biyu shi ne haraji. A nan ma kada a juya mini magana. Ban ce kada a biya ba. Gari ba ya tafiya da addu'a kaɗai, kuma da ruwan ciki akan ja na rijiya. Abin da ke kashe mai ƙaramar sana'a shi ne yawan hannuwan da ke miƙowa da rashin sanin iyakarsu. Ga patanti ta ofishin haraji, ga tikitin kullum, ga kuɗin wuri, ga kuɗin allo in ta rubuta suna a ƙofa, ga tarar tsabta. Kowane da mai karɓarsa, kowane da ranarsa, kuma duka a rubuce suke cikin harshen da ba ta karantawa. Wanda bai san abin da doka ta ɗora masa ba, ciniki yake yi da mai karɓa, kuma a irin wannan ciniki an san wanda ke cin riba, ba baitulmalin gari ba ne. Sa'annan kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Mai abinci tana da haƙƙin ta tambaya: na biya, me na samu? Shara tana nan a bayan rumfa, kwata ta cika ta tumbatsa, fitilar hanya ta mutu tun bara.

Wannan ya kawo mu ga na uku, ruwa da shara. Gidan abinci ruwa yake sha fiye da mai da gishiri. A Damagaram, inda ƙarancin ruwa ya zama ciwon da aka gada, mai tuwo tana iya wayar gari ta tarar kuɗin ga-ruwa ya cinye ribar yini tun kafin ta hura wuta. Wadda ke sayen ruwa da tsada za ta yi tsimin sa, kuma wurin wanke kwanoni za a yi tsimin. Mun ga kwalara a 2018, ta faro daga yankin Madarumfa, mun sake ganinta a 2021 ta bazu a jihohi da dama ta kama dubban mutane. Duk lokacin da ta ɓulla sai a tuna da masu abinci, a aika musu da jami'ai da gargaɗi. Ihu bayan hari ke nan. Pampo guda na tarayya, da ramin zubar da ruwan wanke-wanke, da amalanken shara mai zuwa kan lokaci, sun fi tara dubu kare lafiyar jama'a. Tun Janairu na 2016 gwamnati ta sa hannu kan dokar miƙa wa ƙananan hukumomi iko a fannonin ilimi da lafiya da ruwa da muhalli. Ba za su ce ba huruminsu ba ne.

Na huɗu abin kunya ne a faɗa. Meri da ma'aikatu da ƙungiyoyin furoje ba sa rabuwa da taro, kuma kowane taro da cin abincinsa. Ina ake sayowa? Sau nawa muka zauna a zauren da ake jawabi kan bunƙasa tattalin arzikin gida, aka tashi hutu aka raba mana biskit ɗin waje da lemon gwangwani? Garin da ke da dambun zogale da waina da fura da nono, ƙasar kilishin Madawa da cukun makiyaya da alkakin Damagaram, ta rasa abin da za ta ba baƙonta sai abin da ya ƙetaro teku. In kuma an yi sa'a an ba wata mai abinci kwangila, sai ta ci bashi ta dafa, ta kai takarda, a ce ta dawo, ta yi wata da watanni tana safa da marwa tsakanin ofis da ofis. Ɗan kasuwa babba yana iya jira. Ita kuwa jarinta duka ke nan aka riƙe. Na san wadda irin wannan kwangila ce ta rufe mata ƙofa, kuma ranar da aka ba ta sai da ta yi guɗa.

Na san amsoshin da za a ba ni, kuma ba zan kauce musu ba. Za a ce kasuwanci riba da asara ne, ba aikin hukuma ba ne ta raya shagon da ya kasa. Na yarda, har ma na ƙara da cewa ba kowane gidan abinci ne ya cancanci ya rayu ba. Wanda abincinsa ba daɗi, ko mai shi ba ya ganin girman mutane, kasuwa ta yi masa hukunci, ba ruwan kowa. Ban kuma nemi a raba kuɗi ba. Mun ga irin wannan tallafi: a tara mata a rumfa gabanin zaɓe, a raba tukwane da turamen atamfa, a ɗauki hoto, a watse. Ko a kira taron ƙara wa juna sani na kwana 3 a otal, a raba perdiyam da takardar shaida, masu jawabi su fi kowa samu. Irin wannan ba ya raya sana'a, ƴan gaban goshi yake ƙiba. Jari kuwa matanmu sun nuna sun san hanyar tara shi. A jihar Maraɗi ne aka faro tsarin Mata Masu Dubara a 1991 tare da ƙungiyar CARE, tsarin asusu da rance tsakanin mata wanda daga baya ƙasashe da yawa suka kwaikwaya. Adashi ma ya girme shi. Abin da adashi ba ya iya saya shi ne tabbacin wuri, da doka bayyananniya, da magudanar ruwa. Waɗannan hukuma kaɗai ke bayar da su.

Za a ce meri ba ta da kuɗi. Wannan ma akwai gaskiya a ciki. An miƙa wa ƙananan hukumomi nauyi fiye da yadda aka miƙa musu dukiya, kuma hukumar ANFICT da aka kafa a 2008 don tallafa musu ba ta isa ta cike giɓin ba. Amma a dubi abin da nake nema da kyau. Takardar izinin zama nawa take ci? Liƙa jadawalin haraji a ƙofar kasuwa nawa ne? Sanarwar wata 3 kafin a tashi mutum, da biyan wanda aka ci abincinsa cikin wata guda, ba sa bukatar rancen Bankin Duniya. Daɗin daɗawa, talaucin meri da mutuwar ƙananan sana'o'i ciwo guda ne. Shagon da ya shekara 20 yana biyan haraji na shekara 20, ya ɗauki ma'aikata, ya girma ya shiga sahun masu biyan mai yawa. Wanda aka tatse ya mutu cikin wata 8 ya gama biya har abada. Makiyayi ma ya san ba a tatse saniya ƙaf a hana ɗan maraƙi.

Za a kuma ce masu abincin su ne ke kashe kansu. Ba zan wanke su tas ba. Da yawa ba su raba kuɗin sana'a da na cefanen gida. Dangi da maƙwabta suna ci kyauta, kunya ta hana a yi magana. Biki guda ko suna guda yana iya cinye jari. Wata ta ga maƙwabciyarta na ciniki sai ta kafa irin tukunyarta daidai gefenta, su raba masu saye biyu, su faɗi tare. Ba kaye, ba lissafi, sai abin da aka riƙe a ka. Duk haka ne. Amma tun da an zo faɗin laifi, to, a faɗa duka. Ya ku ƴan uwana malamai, sunayen wa suka cika kayen bashin mai tuwon bakin lakkol? Mu ne muke ci mu ce sai ƙarshen wata, albashi ya yi jinkiri mu ce sai wani watan, a yi mana canjin wurin aiki mu tafi ba sallama. An ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma namu ya fi ciwo, domin mu ne muke koya wa yara amana da safe. Dattijuwar da na ambata a farko, ranar da take kwashe kayanta ta nuna mini kayenta, wanda jikanta ke rubuta mata. Na ga sunayen abokan aikina, na ga nawa. Na biya a ranar, amma an riga an ɗaure tukwane a amalanke.

Saura tambayar wa za a kama. A ranar 24 ga Yuli 2004 aka yi zaɓen ƙananan hukumomi 265, aka ce mulki ya sauko kusa da talaka. A 2010 aka ba Yamai da Maraɗi da Tawa da Damagaram matsayin birane na musamman, kowane da gundumominsa: 5 a Yamai, 5 a Damagaram, 3 a Maraɗi, 2 a Tawa. An sake zaɓe a 2011 da 2020. A watan Afrilu na 2024 aka rushe majalisun, aka naɗa kantomomi. Riguna sun canza, huluna sun canza, mai tikiti bai fasa zuwa ba. Ba siyasa na zo yi ba, kuma ba wani mutum guda nake nuna wa yatsa ba. Zaɓaɓɓe ko naɗaɗɗe, wanda ya hau kujerar gari ya gaji haƙƙin da ke kanta. Ga ƙalubale mai sauƙi: duk shugaban garin da ke iya faɗin gidajen abinci nawa aka buɗe a garinsa bara, nawa aka rufe, da dalilin rufewar, ya fito ya faɗa. Gindin tikitin yana ofishinsa, kowace rumfa da ta daina biya ta bar alama a can. Likitan da ba ya ƙidaya gawa ba zai san annoba ta shigo ba.

Abin da nake nema bai fi ƙarfin kowa ba. A ba kowane mai abinci takardar izinin zama mai wa'adi sananne, shekara 2 ko 3, da sharuɗɗan tsabta a rubuce, wanda ya cika a sabunta masa, wanda ya saɓa a karɓe. Kada a tashi kowa sai da sanarwa da wurin komawa. Duk sabuwar kasuwa ko tasha ko asibiti da za a gina, a ware layin masu abinci tun a zane, da pampo da makewayi da wurin shara. A haɗe kuɗaɗen da meri ke karɓa su zama guda, da resi guda, a kuma sassauta wa sabon shago a shekararsa ta farko, lokacin da ya fi rauni. A liƙa jadawalin kuɗin a bainar jama'a cikin Hausa da sauran harsunan gari, da boko da ajami. Kundin da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, to, ga wuri na farko da ya kamata mai tuwo ta ga amfanin wannan. Jami'in tsabta ya fara da koyarwa kafin tara. A taimaka wa masu dafuwa da yawa su koma ga gaz, tun da matatar Damagaram na samar da shi tun 2011, a huta da hayaƙi da sare daji. Abincin tarukan hukuma kuma a saye shi a gida, a biya cikin wata.

Mu ma da namu aikin, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙungiyoyinmu na al'adu sun iya shirya wasan kwaikwayo da gasar waƙa da kokawa, kuma madalla da haka. Amma al'ada ba ta tsaya ga kalangu da rawa ba. Yadda ake turara dambu, da yadda ake kaɗa miyar yauƙi, da sirrin yajin kilishi, ilimi ne da ke zaune a hannun mutane, kuma duk gidan abincin da ya mutu yana tafiya da wani abu daga ciki, a maye gurbinsa da taliyar leda. Ƙungiyar da ke iya tara jama'a don bikin rawa tana iya raka masu abinci gaban kantoma, ta rubuta musu takardar koke, ta taimaka musu su kafa ƙungiyarsu, domin mai rumfa guda ba a jin muryarta, masu rumfa 200 kuwa dole a ba su kujera. Malamin lissafi yana iya ba da yammaci guda a mako ya koya wa mata 10 yadda ake riƙe kayen shiga da fita. Malamin tarihi da labarin ƙasa yana iya aika ɗalibansa su ƙidaya gidajen abincin unguwa bana, su sake ƙidayawa baɗi, su tambayi waɗanda suka rufe abin da ya rufe su. Cikin shekara 2 za mu riƙe hujjar da ba wanda zai ce ƙage ne. Kafin duk wannan kuwa, kowa ya je ya duba sunansa a kaye.

Makon jiya na ga an sake share shagon nan mai ƙofa biyu. Wani mai fenti yana tsaye kan benci yana rubuta allo na 6, wata yarinya matashiya tana ƙasa tana nuna masa inda zai zana kifin. Na tsaya na yi mata fatan alheri, ta ce in zo ranar buɗewa. Zan je, kuma da kuɗina a hannu. Mai tikiti ma na san zai je, ba sai an gayyace shi ba.